Burtalin Sikotlan a Ranar da Ruwa Ya Ƙi Ɗaukewa

Da na gama sa hannu a takardun haya, mutumin bai saki makullin nan take ba. Ya leƙa sama ta taga, ya dube ni, ya ce, "Ka taɓa tuƙa motar da ke turi da ƙafafun baya?" Na ce na taɓa, a kanta ma na koyi tuƙi, sai dai an fi shekara 20, kuma a wata irin hanya ce da bai taɓa gani ba. Ya ce to in yi hattara, domin yamma muka nufa, kuma a can an kwana ana ruwa.

Asabar ce ta ƙarshen watan Satumba. Ni na taso daga Aberdeen inda nake aiki, ƙanena ya hau jirgin ƙasa daga Gilasgo inda yake karatu, muka kwana a Inverness. Tun watan Yuli na biya kuɗin hayar, lokacin da rana kan kai ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, kuma duk hoton hanyar da na gani sama garau take. Da safiyar tafiyar kuwa gari ya tashi a lumshe, ana wani siririn yayyafi wanda ba ka jin saukarsa sai dai ka ga rigarka ta jiƙe. Ƙanena ya ce, "Yaya, ko mu ɗaga zuwa gobe?" Na duba hasashen yanayi, goben haka take, jibi ma haka. Shekarata shida a ƙasar nan, na san ba a jiran ruwa ya ɗauke.

Motar ja ce, Mazda MX-5, mai kujera biyu da rufin tamfol. Tsawonta bai kai mita 4 ba, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, in ka tsaya a gefenta rufin ko ƙirjinka bai kai ba. But ɗinta lita 130 ne kacal, jakunkunanmu biyu da dardumar salla suka cika shi taf. Injin lita 2 ne mai ƙarfin doki 184, da giya shida ta hannu. A Hiroshima ake ƙera ta tun 1989, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. An tura injin can baya kusa da ƙafar direba don nauyi ya rabu daidai tsakanin gaba da baya, farfela kuma ta bi ta ƙarƙashin gwiwar hannunka ta kai ƙarfin ga ƙafafun baya. Masu ƙera ta suna da wata kalma ta Jafananci da suke yi mata kirari da ita, jinba ittai, wato doki da mahayi sun zama jiki ɗaya. Wannan kirarin ne ya fara ja na gare ta shekaru da suka wuce, domin duk wanda ya taso inda ake hawan salla ya san abin da ake nufi. Mahayin kirki da cinyarsa yake jin abin da doki zai yi, tun kafin linzami ya gaya wa hannunsa.

Kafin mu shiga na durƙusa na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Dokar Birtaniya ta ce zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, kuma mutanen nan suna da dabarar awo: ka soka tsabar feni 20 a cikin zanen, in gefen tsabar ya ɓuya, to tayar tana da sauran rai. Duka huɗun suka haɗiye gefen. Ƙanena yana tsaye da lema yana kallona, ya ce, "Yaya, sai ka ce Kawu." Gaskiya ya faɗa, domin daga Kawu na ɗauko.

Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, direban haya ne. Fijo 504 doguwa gare shi, haɗin Kaduna, wadda ya yi shekaru yana jigilar 'yan kasuwa da ita tsakanin ƙauyenmu da bakin titi, a hanyar birji da kan koma jan taɓo duk watan Agusta. Ita ma 504 mai farfela ce. Matasan yanzu da suka buɗe ido da Corolla da Golf da 406 ba su san wannan halin ba, domin duk waɗannan da ƙafafun gaba suke ja. Kawu yakan ce mota mai ja da gaba kamar amalanken shanu ce, inda shanun suka nufa can bayan zai bi, ko yana so ko ba ya so. Mai farfela kuwa kurar ɗan garuwa ce, daga baya ake tura ta, in ka matsa mata a kwana sai bayan ya nemi ya wuce gaban. Da damina, in babu fasinja, buhun hatsi biyu yake ɗorawa a can baya don ƙafafun su danne ƙasa. Ina ɗan shekara 17 ya ba ni sitiyari a wannan hanya bayan an yi ruwa, ya ce, "Ka taka totur kamar kana taka tabarmar surukinka. In bayanta ya kauce, bi shi da sitiyari, kada ka taɓa birki, idonka kuma a kan inda kake son zuwa, ba a kan ramin da kake tsoro ba." Sau uku na jefa ta cikin gonar gyada a wannan damina, sau uku ya fito ya tura ba tare da ya ɗaga murya ba.

Muka yi addu'ar hawa abin hawa, muka fita ta gadar Kessock, muka bar babbar hanya muka kama ta Garve. Wannan shi ne zangon farko na zagayen da suke kira North Coast 500, wanda aka ƙaddamar a 2015, mil 516 da ya fara daga Inverness ya kewaye arewacin Sikotlan ya dawo. Mu ba zagayen duka muka fito ba. Applecross muka nufa, kusan mil 80, ta hanyar dutsen da na daɗe ina jin labarinta. Tuƙin hagu ya riga ya zama jikina, ko da yake kullum nakan tuna Kawu yana cewa su ma a hagu suka fara koyo, kafin Nijeriya ta koma dama a 1972.

Sa'ar farko ban nemi komai daga motar ba sai sabawa. Zama ne ƙasa-ƙasa, ƙugunka dab da ƙafafun baya, sai ka ji duk wani gyambon titi yana shigowa ta bayanka. Tamfol ɗin rufin yana amsa ruwa kamar rumfar zana da aka lulluɓe da leda. In babbar mota ta wuce ta ɗaya hannun, feshin da take tayarwa a daidai fuskarka yake sauka, waifa ta yi ta kokawa na daƙiƙa biyu kana tafiya da ƙwaƙwalwa kawai. Na bar tazarar daƙiƙa huɗu tsakanina da na gabana, kamar yadda littafin dokokin hanyarsu ya ce nisan tsayawa a jiƙaƙƙen titi aƙalla ninki biyu ne. Na kuma riƙa tafiya da giya ɗaya sama da wadda zan sa a bushe, don ƙarfin injin ya riƙa isa ƙasa a hankali.

Daga Garve zuwa gaba ƙasar ta sauya, ruwan ma ya sauya. Inverness tana gabas, a bayan duwatsu, ba ta samun ruwa sosai. Iskar tekun Atlantika kuwa a kan duwatsun yamma take sauke kayanta, har akwai wuraren da ruwan shekara ke wuce milimita 3,000, ninki uku na abin da Kano ke samu da ɗoriya. Kowane gefen dutse ya tsage da farin zaren ruwa yana gangarowa. Ƙoramu sun cika sun yi launin shayi saboda irin baƙar ƙasar da suke ratsawa. Ƙanena ya yi shiru yana kallo, can ya ce a hankali, "Allahumma sayyiban nafi'an." Mu da muka taso muna fita roƙon ruwa da ƙafa babu takalmi, ba ma iya kallon irin wannan mu ce gari ya ɓaci, ko da kuwa duk wanda muka gaisa da shi a ranar haka ya ce.

Kafin Achnasheen akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya mai faɗi, wadda ke jan ƙafar mutum ba tare da ya sani ba. Ina gudun mil 55 a sa'a ko sama da haka na ga wani wuri a gabana yana sheƙi kamar madubi, ruwa ya kwanta daga gefe har tsakiya. Da muka shiga, ƙarar taya ta ɗauke, sitiyarin ya yi sako-sako a hannuna kamar an cire shi daga jikin motar. Abin da ke faruwa shi ne zanen taya aikinsa kwashe ruwa ya watsar gefe, in ruwan ya fi ƙarfin abin da zai iya kwashewa a wannan gudun, sai tayar ta hau saman ruwa ta rabu da kwalta. Mota marar nauyi kamar wannan ta fi saurin hawa. A lokacin ba ka da birki, ba ka da sitiyari, duk abin da ka juya yana nan yana jiran ka a inda taya za ta sake kama ƙasa. Na riƙe sitiyarin a miƙe, na janye ƙafata daga totur a hankali. Bai fi daƙiƙa ɗaya ba ƙarar ta dawo, nauyin sitiyari ya dawo. Ƙanena bai ma san an yi ba. Ni kuwa na sauko mil 45 na zauna a nan har Glen Carron, inda layin dogon da ke zuwa Kyle of Lochalsh ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da titi.

A Lochcarron muka tsaya shan shayi, garin da gidajensa farare suka jeru a layi ɗaya suna fuskantar ruwa. A nan ne ƙanena ya kawo maganar da na san tana cinsa. Akwai wani maɓalli kusa da gwiwar direba mai kashe na'urar da ke hana mota zamewa. Ya ce, "Yaya, a bidiyo duk kashe ta suke yi, su ce sai an kashe ake jin daɗin motar." Na ce masa waɗannan a filin tsere suke, inda in ka kauce ciyawa ce ko tsakuwa za ta tare ka, kuma babu mai zuwa daga gaba. Na'urar nan tana auna gudun kowace ƙafa da yadda aka juya sitiyari da yadda jikin motar ke juyawa, in ta ga bayan ya fara kaucewa sai ta rage ƙarfin injin ta taɓa birkin ƙafa ɗaya tak, abin da babu direban da zai iya yi da ƙafarsa. Tun ƙarshen 2014 Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan kowace sabuwar mota. Na tuna masa wasan mota da samari ke yi a wajen ɗaurin aure a gida, ana juya mota a tsakiyar jama'a ana tafi, da gidajen da aka yi zaman makoki a ranar da ya kamata a kai amarya. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, kuma ban ɓoye masa ba. Ya ce, "Na ji, Yaya." Ba mu sake maganar maɓallin ba.

Bayan Kishorn, a wani wuri da ake kira Tornapress, hanya ta rabu. A bakin ta hagu akwai allon gargaɗi: hanyar tana hawa ƙafa 2,053, akwai gangara mai tsanani da kwanoni masu kaifi, ba a shawartar masu koyon tuƙi da manyan motoci da masu jan tirelar kwana su bi ta, kuma da sanyi ba ta biyuwa. Sunanta Bealach na Bà. A harshen Gelik na mutanen wurin ma'anarsa mashigar shanu. Da na fassara wa ƙanena sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe burtali ne." Burtali ne kuwa. Ta nan makiyayan Applecross ke koro shanunsu zuwa kasuwa, aka mai da ita hanya a 1822, kuma har zuwa 1975 da aka kammala ta bakin teku, ita kaɗai ce hanyar mota zuwa garin. In dusar ƙanƙara ta rufe ta sai jirgin ruwa. Daga bakin teku take tashi ta kai mita 626 cikin kilomita 9 da 'yan kai, a wasu wuraren kowane taku biyar na gaba taku ɗaya ne na sama.

Faɗinta na mota ɗaya ne. An yi mata 'yan kumburi a gefe jefi-jefi, masu farin allo, inda ake kaucewa juna. Ƙa'idar ita ce in wurin yana hagunka ka shiga, in yana dama ka tsaya daidai da shi wanda ke zuwa ya shiga, kuma mai saukowa ya yi ƙoƙarin ba mai hawa hanya. Kowa ya wuce sai ya ɗaga hannu. Na ga wannan ɗabi'a ta yi mini kyau ainun. Baƙi ne daga ƙasashe daban-daban, babu ɗan sanda, babu mai ba da hannu, amma kowa yana lissafin ɗan'uwansa tun daga nesa.

Gargaɗin farko daga gadar ƙarfe ya zo, irin shingen sandunan da suke shimfiɗawa a ƙasa don hana dabbobi wucewa. Jiƙaƙƙen ƙarfe ya fi kwalta santsi nesa ba kusa ba. Na hau shi ƙafata tana kan totur kaɗan, na ji bayan ya ɗan girgiza kamar doki ya ji ƙuda. Daga nan na koyi hawa su a miƙe, ba totur ba birki. Haka farin fentin titi yake, haka kashin tumaki, haka ganyen da ya kwanta.

Muka yi ta hawa da giya ta biyu da ta uku. Hanyar ta manne a jikin dutse ta dama, ta hagu kuwa kwari ne mai zurfi da ƙarfen kariya a bakinsa. A hawa mota mai farfela tana cikin gidanta, domin nauyi yana komawa baya ya danne ƙafafun da ke turi, na ji ta kama ƙasa ƙam. Ruwa yana gudu a kan kwaltar yana zuwa gare mu kamar an ɓalle lambatu. Duwatsun gefe biyu suka matso, baƙaƙe, kawunansu a cikin gajimare. Can a ƙarshen kwarin muka hango hanyar ta naɗe kanta sau uku a jikin bango, kowace kwana kamar gwiwar hannu.

Ta farko na sha ta lafiya. Na rage gudu tun kafin in isa, na sa giya ta ɗaya, na juya, na jira sai da hancinta ya miƙe sannan na ba ta wuta. A ta biyu ne na yi kuskure, kuma na san dalilinsa. Wata doguwar motar kwana ta masu yawon buɗe ido tana tsaye a sama ta ba ni hanya, wasu biyu a bayanta, na ji nauyin ina ɓata musu lokaci. Kunya ce ta taka totur, tun sitiyarin yana murɗe. Kowace taya tafin hannu ɗaya ne nata ke taɓa ƙasa, kuma riƙon da wannan tafin ke da shi ƙayyadadde ne, abin da ka kashe a turi ka rage shi daga riƙon kwana. A bushe akwai rara. A ranar babu. Ga shi kuma motar tana da na'urar da ke ɗaure ƙafafun baya su yi turi tare, to in za su saki ma tare suke saki.

Ban ji da kunne ba, ban gani da ido ba, a ƙuguna na fara ji. Kujerar ta zame gefe a ƙarƙashina, gilashin gaba ya fara nuna mini jikin dutse maimakon hanya. Hannuwana suka bi bayan da sitiyari tun kafin in yi tunani. Ƙafata ta so ta daka birki, ko ta saki totur gaba ɗaya, kuma duka biyun da sun ƙara lalata abin, domin nauyi zai ruga gaba ya bar bayan ba abin da ke danne shi. A mota mai ja da gaba, in ka yi yawa hancin ne ke zarcewa, kana sakin totur ya dawo, tsoronka ma gyara ne. A mai farfela tsoro ba ya gyara komai. Na sassauta ƙafar kaɗan kawai, na kafe idona a kan ratar da ke tsakanin doguwar motar da ƙarfen kariya. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ta ƙyaftawa a gabana, na ji injin ya ja numfashi da kansa, ƙafa ɗaya ta baya ta yi gurnani. Bayan ya dawo layi, na warware sitiyarin da sauri kafin ya wulla mu ɗaya gefen, muka wuce. Direban doguwar motar ya ɗaga hannu, na ɗaga masa.

Gudunmu a lokacin bai kai mil 15 ba, bayan kuma bai kauce fiye da kamu biyu ko uku ba. Amma a hanyar da faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba, kamu uku ba kaɗan ba ne. Ba zan ce hannuna ne kaɗai ya dawo da ita ba. Ni da na'urar muka yi aikin, kuma ta riga ni farawa. Abin da na sani shi ne abin da Kawu ya dasa a jan taɓo yana nan bai mutu ba, shekara 20 yana kwance a cikin Corolla ba a neme shi ba. Ƙanena ya riƙe hannun ƙofa da hannu biyu yana salati. Da muka fita kwana ta uku ya ce, "Yaya, da mun kashe fa?" Ban amsa ba, shi ma bai sake tambaya ba.

A ƙololuwa akwai filin ajiye motoci, inda aka ce in gari ya yi haske ana hango tsibirin Raasay da duwatsun Skye. Mu hazo muka tarar, fari fat, ko taku ashirin ba a gani. Na kashe injin muka zauna, iska tana jijjiga motar, ruwa yana dukan tamfol ta gefe. Sai a lokacin na ga yatsuna suna rawa a kan cinyata. Na fita na tsaya a cikin ruwan na ɗan lokaci. Babu bishiya ko ɗaya, sai duwatsu da gajeriyar ciyawa mai launin tsatsa da tarin tsakuwar da matafiya suka jera. Wani ƙaton barewa ja mai rassan ƙaho ya fito daga hazon, ya dube mu, ya koma.

Sauka ta fi hawa neman natsuwa, ko da yake ɓangaren Applecross bai kai wancan tsanani ba. Yanzu nauyi ya koma gaba, bayan ya yi sauƙi. In ka sauke giya ka saki kuloci da gaggawa a irin wannan santsi, injin yakan riƙe ƙafafun baya kamar an ja birkin hannu. Don haka kowace saukar giya sai na ɗan taɓa totur injin ya tashi, sannan in saki kulocin a hankali. Birki kuma a miƙe nake taka shi, in gama da shi kafin kwana. A nan ne na fara jin daɗin motar na gaskiya. Ba na gudu, da ƙyar nake wuce mil 30, amma duk abin da taya ke ji ina ji, inda kwalta ta yi kaushi ta kama, inda ta sulɓe ta yi laushi, inda ruwa ya ratsa. Da a bushe ne sai na yi gudun da bai dace da titin jama'a ba kafin ta yi mini wannan magana. Ruwan ya sauko da iyakarta ƙasa inda zan iya jin ta ba tare da na sa ran kowa a hatsari ba, muddin na riƙe ƙafata.

Muna tsakiyar gangara muka fito daga ƙarƙashin gajimare, teku ta bayyana a gabanmu launin toka, da wani tsagin haske can wajen Skye. Ruwan ya koma yayyafi. Na shiga wurin kaucewa, na ɓalle maƙallin rufin da hannu ɗaya na tura shi baya. Sauran mil biyu ko uku a buɗe muka yi su, hita tana hura ƙafafunmu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da gishirin teku yana shigowa, ɗigon ruwa yana sauka a kan hulunanmu. Shanun ƙasar masu dogon gashi ja suna tsaye a bakin hanya, gashin ya rufe musu ido, ruwa yana zuba daga ƙahonninsu.

Applecross layin gidaje ne guda a bakin ruwa, mutanen yankin duka 'yan ɗaruruwa ne. Sunanta na Gelik A' Chomraich, wato mafaka, tun daga wurin ibadar da wani malamin Kirista daga Ayalan, Maelrubha, ya kafa a shekara ta 673. Gidan man garin ma jama'a ne ke gudanar da shi da kansu. Muka sauke jaka a masauki, muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru, muka ci kifi da dankali mai zafi. Da yamma na fita na zagaya motar, taɓo ya fantsama har ƙofa, tururi ya daina tashi daga ƙafafunta.

Da na samu intanet ɗin masaukin na kira ɗan Kawu ta WhatsApp, ya kai masa wayar. Ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni, Fijon ta daɗe da zama kwangiri a bayan gida kaji na kwana a ciki. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, yau na tuƙa mai farfela a cikin ruwa, bayanta ya kauce mini a kan dutse."

"Ka taɓa birki?"

"Ban taɓa ba, Kawu."

"Madalla. Tayoyin fa, ka duba kafin ka hau?"

Na ce na duba. Ya tambayi girmanta, na ce mutum biyu take ɗauka. Ya ce to kaya fa, na ce jaka biyu. Ya yi shiru yana juya abin a ransa. Sai na juya wayar na nuna masa taga, ko da yake na san ba zai gani sosai ba, na ce masa tun jiya ake ruwa kuma an ce har jibi. Ya sa aka kara masa wayar a kunne don ya ji saukarsa a kan rufi. Ya saurara na ɗan lokaci.

"Wannan ruwa haka, gero suke shukawa ko dawa?"

Na ce ba ko ɗaya, ƙasar dutse ce, ciyawa ce kawai sai tumaki da shanu da barewa.

Ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya gaya mini su can kwana goma sha biyu ke nan ba a yi ko ɗigo ba, an gama yankan gero, amma dawa tana son ruwa ɗaya ko biyu kafin ta cika ido. Ya ce in muna addu'a a wannan wuri mu sa su a ciki.